Yadda Na Kai Babanmu Suwizalan Ba da Saninsa Ba

Ko da zan tsufa haƙorana su zube ƙaf, in riƙa neman ɗankwalina alhali yana kaina, akwai rana ɗaya da ba za ta taɓa fita daga ƙwaƙwalwata ba. Ranar ƙaramar Sallar da na ɗauki mahaifina na kai shi ƙasar Turai, shi kuwa bawan Allah yana can yawon gaishe-gaishen Sallah, bai ma san ya yi tafiya ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da wadda ta jawo komai, wato taubashiyata. 'Yar Kawu ce, yayan Mama. Wata biyu kacal ta ba ni, amma in kun ji yadda take ce mini "yarinya" sai ku rantse ita ta yanke mini cibiya. A danginmu wasan taubasai ba ƙaramin abu ba ne. Duk abin da ta ga dama za ta yaɓa mini, in na kai ƙara a ce, "Ke ma ki rama mana, ba abokiyar wasanki ba ce?" To ramawar ce matsala. Bakina ya fi nata kaifi, wannan kowa ya shaida, amma tana da wani makami da ni ba ni da shi: bangon falonsu.

Kawu ɗan kasuwa ne, yana fita waje sarin takalma da jakunkuna. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da abin ratayawa a bango. In ka shiga falonsu a unguwar Kwararafa ta nan Jos, wuyanka sai ya gaji kafin idonka ya ƙoshi. Ga wani faranti mai hoton dogon benen Dubai, ga darduma mai masallatan Turkiyya, ga agogo mai hoton Ka'aba, ga wani dogon ƙyalle daga ƙasar Sin mai zanen duwatsu da rubutun da duk gidan ba mai iya karantawa. Kuma suna da doka, wadda taubashiyata ta haddace fiye da karatun Islamiyya: a gidansu ba a rataya hoton garin da ba a taka ba. Duk sanda muka je sai ta ɗauki mafici ta riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya kamar malamar aji. "Nan Abba ya je sau huɗu. Nan kuwa ƙanƙara ta zubo masa a hula." Ni kuma in taɓe baki in ce duk tarkace ne masu tara ƙura. Amma Allah ya sani, in na koma gida har mafarkin farantin nan nake yi.

Mu kuwa a Anguwan Rogo me ke bangonmu? Kalandar wani kamfanin taki da aka ba Baba a Farin Gada, wadda shekararta ta wuce tun ina firamare. Hoton da ke jikinta kabeji ne. Guda ɗaya, ƙato, kore shar, yana kallon duk wanda ya shigo. Wata rana taubashiyata ta tsaya gabansa ta haɗa hannu a baya, ta daɗe tana nazari, sannan ta juyo ta ce, "Goggo, wannan wace ƙasa ce? A jirgi ake zuwa ko a kwando?" Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Mahaifiyata fa! A ranar na san ba ni da kowa a duniya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in dai tafiya ce, Baba ya fi Kawu yin ta nesa ba kusa ba. Direban babbar mota ne. A Farin Gada ake loda masa tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, ya gangara Kudu, wani lokaci Fatakwal, wani lokaci Anacha. Amma tsarabarsa duk ta ciki ce: ayaba, kwakwa, burodi, galan ɗin manja. Kwana biyu mun cinye, ba abin da ya rage da za a nuna wa mutum da mafici. Na taɓa ce masa, "Baba, kai ba ka ganin faranti mai hoto a hanya?" Ya ce, "Uwata, farantin da nake nema a hanya mai shinkafa ne." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya faɗa ba na iya ci gaba da fushi, abin haushi.

A azumin shekarar sai Allah ya amsa addu'ata. Baba ya sa aka yi wa falo fenti ruwan madara, aka sauke kabejin nan, bango ya fito fes. Mama tela ce, kuma duk wanda ya san tela a goman ƙarshe ya san ba mutum ba ce, inji ce mai ɗaura zani. Tana kan keken ɗinki, tsinin allura a baki, na zo na durƙusa na fara kawo mata hujjoji a kan cewa bango ba hoto kamar miya ce ba gishiri. Ban kai rabi ba ta ɗaga mini hannu.

"Na ji. Gobe in kin je kasuwar Taminus sayo mini zare da zif, ki duba wani abu mai kyau ki ɗauko. Amma ki buɗe kunnenki. Ban da mai rai. Ba mutum, ba dabba, ko tsuntsu ban yarda ba, a ɗakin nan nake salla. Kuma kar ki ɗauko mini wanda zai faɗo wa baƙo a ka."

Na ce an gama. A raina kuwa sharaɗi ɗaya ne: ya zama abin da gidan Kawu ba su da shi, kuma taubashiyata ta gani ta kasa cin abincin Sallah.

Washegari na hau keke napep na sauka Taminus. Zare da zif a minti biyar na gama da su, sannan na shiga layin masu firam da madubi. Shagon da na faɗa na wani dattijo ne mutumin Kudu, irin waɗanda aka haifa a Jos, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

"Yarinya, me kana so?"

"Oga, hoton ƙasar waje. Mai tsada a ido."

Ya fara sauko mini da su. Dogon benen Dubai: na ce akwai shi a gidan maƙiya. Masallacin Turkiyya: akwai. Wani dogon ƙarfe na Faransa mai kama da turken wutar lantarki ya ɗan burge ni, sai na hango tattabaru a gindinsa, na tuna Mama. Akwai na bakin teku mai kyau, amma da wata mata kwance a kan yashi da kayan da ko a banɗaki Mama ba za ta yarda a rataya ba. Akwai na sahara, da raƙuma. Akwai na ƙanƙara, da wani kare. Kai, sai ka ce duk duniya ba inda za a ɗauki hoto ba tare da wata dabba ta leƙo ba. Ga azumi, ga rana, ga ƙurar firam, oga ya fara share gumi yana kallona kamar jarrabawar da aka aiko masa.

Can ƙuryar shagon, bayan wani fasasshen madubi, na hango gefen wani firam baƙi. Na jawo shi na goge da gefen hijabina. Ruwa ne fari tas yana zubowa daga saman wasu manyan duwatsu baƙaƙe, yana faɗawa cikin wani tafki. Itatuwa kore shar ta ko'ina, ga hazo ya sauko ya lulluɓe tsaunin da ke baya. Ba mutum, ba dabba, ko ƙuda babu. Irin wurin nan ne sak da nake gani a fina-finan Indiya, inda jaruma ke gudu da siririn mayafi ba ta jin sanyi.

"Oga, wannan ina ne?"

"Wannan? Ya daɗe a nan, ba mai tambaya. Wani ɗalibi ne mai ɗaukar hoto ya kawo mini, ya ce..."

"Suwizalan ne, ko?"

Ya dube ni, ya dubi tulin firam ɗin da na sa ya sauke, ya dubi agogonsa. "Kai ina kana so ya zama?"

"Suwizalan."

"To Suwizalan ne."

Yanzu da na girma na gane mutumin nan bai yi mini ƙarya ba, gajiya ce ta sa ya bar ni da tawa. Amma a lokacin sai na ji kamar shugaban ƙasar da kansa ya buga mini hatimi. Na rungumo hoton a keke, wata mata da ke gefena tana ta mitar kusurwarsa na sukar ta a haƙarƙari, ni ko a jikina.

Mama ta ɗago kai daga ɗinki ta ƙare masa kallo, tana neman tsuntsu a cikin itatuwan. Ba ta samu ba. Ta ce, "Ya yi kyau. Ina ne?" Na ce Suwizalan. Ta ce, "Allah ya sa Musulmi ne," ta ci gaba da taka kekenta. Na naɗe shi da tsohon zani na tura ƙarƙashin gado, don na ƙudura ba mai ganinsa sai ranar Sallah. Baba ma a lokacin yana hanya, sai jajibere ya dawo a gajiye, bai san da zancen ba.

Ranar Sallah da safe, maza na fita idi na hau kujera da ƙusa da taɓarya, don ban ga guduma ba. Sai da na fasa fenti wuri biyu kafin ƙusar ta kama, amma hoton ya rufe ɓarnar. Na sauko na ja da baya. Falonmu ya koma wani wuri daban. Har kujerunmu da suka lotsa sai na ga sun ɗan miƙe zaune.

Al'adarmu ce gidan Kawu su ci abincin rana a wurinmu ranar ƙaramar Sallah. Matan kan riga zuwa, maza su biyo baya in sun gama gaishe-gaishe. Wajen sha ɗaya sai ga Anti, matar Kawu, da taubashiyata cikin wani leshi mai walƙiya da ya sa nawa ya koma kamar labule. Ta shigo da sallamarta ta tsiya, bakinta a buɗe da shirin tambayar lafiyar kabeji. Sai ta ga bango. Bakin ya tsaya a buɗe.

Jama'a, na sha daɗi a duniya, na ci kazar Sallah, na taɓa zuwa ta ɗaya a aji sau ɗaya bisa kuskure, amma ban taɓa jin daɗi irin na wannan daƙiƙar ba.

Anti ta ce, "Kai, masha Allah! Ina ne nan?"

Na ce, "Suwizalan," ina duba farcena, kamar wadda ta saba zuwa can sayen kayan miya.

"Lallai Turawa sun ji daɗinsu. Dubi ruwa kamar madara. Mu ina za mu ga irin wannan?"

Da na tsaya a nan, da na ci nasara, na ci masa da miyar taushe cikin kwanciyar hankali. Amma taubashiyata ta farfaɗo. Ta matsa kusa da hoton, ta ɗan karkata kai, ta ce, "Yana da kyau kam. Sai dai mu a gidanmu ba a rataya inda ba a taka ba. Sayen hoto ai ko wa ma ya iya."

Mama tana madafa, ina jin ƙarar tanda. Baba yana waje. Ba mai ƙaryata ni ko ɗaya. Azumi talatin na kai ban sha ko ɗaya ba, na zo ranar Sallah na buɗe baki na ce, "Wa ya ce miki ba a taka ba? Baba ya je."

"Baban Anguwan Rogo? Da tumatir?"

"Tun kafin a haife mu. Ba kin san ya taɓa yi wa wani Bature direba ba? To shi ya tafi da shi. Wata shida ya yi. Ba ya son faɗa ne, shi ba mai fariya ba ne kamar wasu."

Zancen Baturen gaskiya ne, kowa a dangi ya sani, sai dai iyakar inda Baturen ya taɓa kai shi Bukuru ne, nan bayan Jos. Amma da na ga idonta ya raina fata, sai ƙaryar ta fara haihuwa da kanta. Na ce a can in ka zubar da ruwan alwala kafin ya kai ƙasa ya daskare. Na ce shanunsu madara mai sukari suke bayarwa. Na ce har sarautar direbobi suka so ba Baba ya ƙi, don Kaka ta ce ya dawo gida. Anti tana ta "Ikon Allah!" Taubashiyata kuwa ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafinta. Na kawo mata cincin ta ce ta ƙoshi. Burina ya cika.

Ana cikin haka muka ji sallamar maza. Sai a lokacin na tuna ban shirya da Baba ba. Na yi wuf zan tare shi a zaure, Mama ta ƙwala mini kira in zo in ɗauki kwanon miya. Kafin in dawo sun shiga sun zauna.

Kawu ne ya fara ganin hoton. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga kai irin na wanda ya san duniya, ya ce, "A'a, an yi sabon abu. Wannan ai Turai ce. Na ga irin wuraren nan ta tagar jirgi. Su fa can haka ƙasarsu take, ba irin tamu ba."

Taubashiyata ta ce, da wata murya ƙasa ƙasa da ban san ta da ita ba, "Baba, ashe ka je Suwizalan ba ka taɓa ba mu labari ba?"

Baba yana cire hula ya tsaya. "Na je ina?"

"Suwizalan. Ga shi can. An ce wata shida ka yi."

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon miyar taushe, zafinsa na cin yatsuna, ina aika wa Baba saƙo da ido, da gira, da hanci, da duk abin da ke motsi a fuskata. Bai ko kalle ni ba. Ya tashi ya je gaban hoton, ya sa hannu a baya kamar yadda taubashiyata ta yi wa kabeji. Ya daɗe. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa.

"Alhaji," ya ce wa Kawu, "ta tagar jirgi ka ce?"

"Ƙwarai."

"To jirgin ya yi ƙasa sosai. Wannan ai ruwan Assop ne, gindin Hawan Kibo. Duk sanda za ka Abuja hawa jirgin, ta gefensa kake wucewa. Kana barci ne ko kana danna waya?"

Sai taubashiyata ta faɗo daga kujera. Ba ƙari nake ba, ƙasa ta zube da leshinta mai walƙiya, tana dukan tabarma tana cewa, "Wata shida! Madara mai sukari! Sarkin direbobin Suwizalan, ranka ya daɗe!" Anti ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya kama tari, ya ce shi dama bai sa tabarau ba. Mama ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar me ya faru, aka mayar mata, ta dube ni ta ce, "Ranar Sallah? Ko ki bari lada ya huce?" Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage in shige da kwanon miyar gaba ɗaya, ta ƙi.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne, a Jos aka haife ni, a Jos aka haifi uwata, duwatsu ne kewaye da mu ta ko'ina, hazon nan kuma duk damina sai ya sauko mana har tsakar gida. Amma da na gan su a cikin firam sai na rantse ba namu ba ne, don a kaina abu mai kyau haka ba zai yiwu ya kasance wurin da motar tumatir ke bi ba. Kuma ba ni kaɗai ba. Mu biyar 'yan Jos muka kalli hoton nan, har da mai fasfo cike da hatimi, ba wanda ya gane.

Baba ya gama dariyarsa ya goge ido, ya ce, "Uwata, ajiye miyar ki zo." Na zo ina jan ƙafa. Ya dafa kaina ya juya ni wajen hoton.

"Ba ki yi ƙarya duka ba. Na taka wurin nan, kuma in aka haɗa zaman da na yi a can zai fi wata shida. In mun sauko Hawan Kibo da kaya, birki ya yi zafi har yana wari, dole mu tsaya ya huce. Nan nake gangarawa in yi alwala. Kin ga wannan shimfiɗaɗɗen dutsen? Nan nake salla." Ya matsar da yatsa sama, kan wani dutse mai tsini a gefen ruwan. "Wannan kuwa, a shekarun baya nan kaɗai waya ke kamawa. Na bar mamanki da tsohon ciki, hankalina ya ƙi kwanciya, na hau can da rarrafe ina ɗaga waya sama. A kansa nake tsaye aka ce mini an sami mace. Na yi kabbara har masu sayar da ayaba a bakin titi suka zaci faɗowa na yi."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Mama ma ta ce, "Ashe kan dutse kake, shi ya sa nake jin iska." Ni kuwa ga kunya, ga wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Baba ya ce, "Duk kasuwar nan ba ki ga abin ɗaukowa ba sai wannan. Bar shi a nan, ko a gidan Alhaji ya cika doka."

Sai na lura dariyar taubashiyata ta tsaya. Tana zaune a tabarma tana kallon yatsan Baba a kan dutsen. Ta juya wajen Kawu ta ce, "Abba, ni da aka haife ni kana ina?"

Kawu ya ɗan yi tunani. "Ina jin Dubai. Ko Sin ne? Tambayi mamanki."

Ba ta tambaya ba. Da Baba ya ce jibi zai ari motar abokinsa ya kai mu mu ga wurin da idonmu, tun da kasuwa ba ta dawo ba, sai ta ce a hankali, "Baba, da ni?" A nan na gano abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba: duk garuruwan da take nuna mini da mafici, ita ko ɗaya ba ta taka ba. Iyakarta Bauci, biki, tana shekara shida, kuma ta yi amai a hanya. Ni ina mafarkin farantinsu, ita tana goge masa ƙura duk Asabar.

Kar ku zaci daga nan muka rungume juna muna kuka. Ranar tafiyar ita aka ba gidan gaba, wai ita baƙuwa ce, ni aka cusa ni baya tsakanin kular abinci da tabarmi. Duk tsawon hanya tana juyowa tana cewa, "Yarinya, kin ɗauko fasfo? Kin sa rigar sanyi?" Da muka fara gangara Hawan Kibo kuwa, motar na lanƙwasa, rami na hangame a gefe, ta ƙanƙame kujera tana karanto duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Wannan na ajiye shi, ina fito da shi duk sanda ta dame ni.

Tun kafin mu ga ruwan muka ji ƙararsa. Da muka gangara ta cikin itatuwa ya bayyana, sai na ga ashe hoton ma rowa ya yi mana. Feshinsa na dukan fuska, sanyi na ratsa ƙafa, ƙasa na ƙamshin damina. Baba ya nuna mini dutsen mai tsini, na ce sai na hau, Mama ta ce in na hau ita za ta sauko da ni da taɓarya. Na tsaya a gindinsa na dafa shi kawai. Taubashiyata ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Ke dai kin ji daɗi." Shekara goma sha uku ina jiran in ji wannan kalma daga bakinta, da ta zo kuma sai na rasa abin yi da ita. Na ce, "Ƙafarki na cikin ruwa, takalmin Dubai zai lalace."

Sunan 'Yar Suwizalan dai ya bi ni har makaranta, kuma har yau in na shiga gidan Kawu da shi ake yi mini sannu da zuwa. Bayan wata ɗaya da tafiyar, na je na tarar an matsar da farantin Dubai gefe, an rataya hoton ruwan Assop a tsakiyar bangonsu, wanda ta ɗauka da wayar Anti aka wanke mata. Ta ɗauko mafici ta nuna shi ta ce, "Nan ni na je." Na auna shi da ido. Ya fi namu girma da kusan taƙi guda. Ban ce na ji daɗi ba, kuma har yanzu ina tara hujjojin da zan kai wa Mama a kan a sake namu firam.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kishi ba ya barin mutum ya kalli abin da ke hannunsa. Na shekara da shekaru ina leƙen bangon wasu, ina jin kunyar motar tumatir, har na ƙirƙira wa mahaifina tafiyar da bai yi ba, alhali wadda yake yi duk mako ta fi ta labari, ni ce ban taɓa zama na tambaye shi ba. Yanzu in ya dawo, kafin in taɓa ayaba sai na ce, "Baba, yau ina ka tsaya?" In kuwa za ki zaɓi hoton da za ki rataya a bangonku, ki bar mai shago ya ƙarasa maganarsa, sannan ki nuna wa babanki kafin baƙi su iso.